Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Gidaje da Babban Daraktan BPP: A rubuta zafi da ruwa cikin takardar kwangilar gidajen talakawa

Mai girma Ministan Gidaje da Raya Birane,
Mai girma Babban Daraktan Hukumar Kula da Ba da Kwangilolin Gwamnatin Tarayya, BPP,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ina rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a a matsayina na wanda ya ƙarar da mafi yawan shekarun aikinsa wajen ƙididdige kuɗin gine-ginen gwamnati, ya kuma sha zama a kwamitocin tantance 'yan kwangila har ya yi ritaya. Na haɗa ku a wasiƙa guda ne domin maganar da ke tafe da ni ta faɗo a tsakanin ofisoshinku biyu. Ɗayanku ke da zanen gida da filin da za a kafa shi, ɗayanku kuma ke riƙe da ma'aunin da ake zaɓen wanda zai gina shi, kuma muddin ba ku zauna tare ba, kowane ofishi zai ci gaba da ganin cewa kula da muhalli aikin ɗan'uwansa ne.

A watan Fabrairun 2024 Shugaban Ƙasa ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, an kuma ba da kwangilar rukunin gidaje 250 a kowace daga cikin jihohi 12, har da Katsina da Sakkwato da Gombe da Yobe. Daga baya Ma'aikatar Gidaje ta yi shelar shirin gina gidaje 100 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774, jimilla 77,400, domin marasa ƙarfi. Kafin wannan an yi alƙawarin gidaje 300,000 a shekarar 2020, kafin shi kuma akwai gidajen zamanin Shagari waɗanda har yau unguwanni ke amsa sunansu a garuruwanmu. A duk waɗannan shirye-shirye abin da ake ƙirgawa shi ne yawan gidaje da kuɗin da kowanne ya ci ranar da aka miƙa mukulli. Ban taɓa ganin takardar da ta tambayi yadda cikin ɗakin zai kasance da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu ba, ko inda ruwan Agusta zai bi idan ya sauko daga kan kwano.

Wata shekara da bazara na kai ziyara wani rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da ni da kaina na yi lissafin kuɗinsu, na kuma sa hannu a kan takardar kammala su. Bayan sallar isha'i na tarar da kusan kowa ya fito da tabarma da katifa waje, mata da yara a tsakar gida, maza a bakin titi, ɗakunan kuwa a buɗe babu kowa, domin bangon bulo da rufin kwano sun sha rana tun safe suna ta amayo ta cikin dare. Maigidan da na sauka wajensa ya nuna mini inda ya fasa bango ya ƙara taga da kuɗinsa, ya nuna mini ƙurajen zafi a wuyan jaririyarsa, sannan cikin ladabi ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi damuna shi ne, ɗan kwangilar da ya yi aikin bai ci amanar kowa ba. Duk abin da muka rubuta ya yi, bai rage ko buhun siminti ɗaya ba. Laifin yana cikin takardar da muka ba shi, wadda ba ta ambaci zafi ko sau ɗaya ba.

Daga wannan rana na fahimci cewa a aikin gwamnati abin da ba a rubuta a takardar neman kwangila ba, ba za a gina shi ba, kuma Dokar Ba da Kwangiloli ta 2007 ita ma haka ta tanada. Dokar ta ce a ba da aiki ga wanda farashinsa ya fi sauƙi bayan tantancewa a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, ta kuma hana kwamiti amfani da wani ma'auni da ba a bayyana tun farko a takardun gayyata ba. Wannan hani daidai ne, domin shi ke toshe ƙofar son kai. Amma sakamakonsa shi ne, idan 'yan kwangila biyu suka zo, ɗaya da rufin da ke tare zafi, ɗaya da kwano mai arha da silin marar kauri, kwamiti ba shi da ikon fifita na farko ko da kowa a ɗakin ya san nasa ya fi, sai in an riga an rubuta haka. Na ga ƙwararrun injiniyoyi suna kallon aiki mai kyau yana faɗuwa saboda bambancin kuɗi kaɗan, ba su da abin cewa.

Abin farin ciki shi ne gyaran bai tsaya ga jiran Majalisar Dokoki ba. Ita dokar ta 2007 ta ambaci samun abin da ya dace da kuɗin da aka kashe da kuma dacewar aiki da manufarsa a cikin ginshiƙanta, ta kuma ɗora wa BPP alhakin shirya daidaitattun takardun neman kwangila da sabunta su. Saboda haka sharuɗɗan muhalli na iya shiga ta ƙofar ƙa'idojin aiki, a matsayin wajibi wanda duk wanda bai cika ba ya faɗi tun kafin a duba farashinsa. Wasu ƙasashe sun daɗe da bin wannan hanya. Tun 2014 Tarayyar Turai ta ba hukumomin ƙasashenta damar lissafa kuɗin da gini zai ci a tsawon rayuwarsa, ba na ranar gini kaɗai ba, Italiya kuma ta wajabta mafi ƙarancin sharuɗɗan muhalli a kwangilolin gwamnati tun 2016. Ban kawo su domin a kwafo takardunsu ba, tun da su sanyi ne babban abokin gabarsu, mu kuwa zafi da ambaliya. Na kawo su ne domin a ga cewa ofishin ba da kwangila shi ne wurin da irin wannan manufa ke zama gaskiya.

Mu ma ba mu rasa rubutattun manufofi ba. Muna da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, da ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, na ɓangaren gine-gine na 2011, da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, da alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na Gilasgo na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Mafi kusa da maganarmu shi ne kundin tsimin makamashi a gine-gine da ma'aikatarku ta ƙaddamar a 2017, lokacin tana haɗe da lantarki da ayyuka, wanda ya yi magana a kan sanya abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, da inuwar tagogi, da yawan gilashi a bango, da irin ƙwan lantarkin da ya dace. Ko da jihohi sun yi jinkirin karɓar wannan kundi, babu abin da ya hana Gwamnatin Tarayya ɗaure kanta da shi a gidajen da take ginawa da kuɗinta. Sakin layi guda a takardar kwangila ya isa.

Ina roƙon a fara da zafi, domin shi ne wahalar da mazaunin gidan zai sha kowace shekara daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Nguru. Mai hali zai sa na'urar sanyaya ɗaki ya tayar da janareta. Wanda aka gina wa gidan talakawa kuwa fanka ce iyakarsa, ita ma sai an kawo wuta, kuma kowa ya ga yadda kuɗin wuta ya tashi tun Afrilun 2024, lokacin da aka kai farashin masu rukunin farko, wato Band A, naira 225 a kan kowane ma'auni. Yawancin maganin wannan ba ya buƙatar wata na'ura daga waje. A juya gida ta yadda dogayen bangayensa za su fuskanci kudu da arewa, gabas da yamma su sami gajerun bangaye marasa manyan tagogi. A ɗaga rufi a bar iska ta ratsa tsakanin kwano da silin, a zaɓi kwano mai haske maimakon baƙi ko shuɗi mai duhu da ake yayi yanzu, a fitar da bakin rufi sosai domin ya yi wa bango inuwa ya kuma kare shi daga feshin ruwa, a buɗe tagogi a bangaye masu fuskantar juna. Wasu daga cikin waɗannan ba su ƙara ko kwabo a kan kuɗin gini, illa dai a yi tunaninsu a kan takarda kafin lebura ya sara ƙasa, wato tun ran gini tun ran zane. Kuma zanen da ya dace da Jos ba shi ne ya dace da Birnin Kebbi ba, balle Fatakwal.

Haka nan itatuwa. A yawancin wuraren da na yi aiki, abin da katafila ke fara yi shi ne share fili tas, har da tsamiya da ɗorawa da kuka waɗanda suka girmi kakanninmu, sannan a ƙarshen aiki a dasa 'yan tsirrai a bakin ƙofa ranar bikin buɗewa, awaki su cinye su kafin mako ya zagayo. Ya kamata a ƙirga manyan itatuwan da ke fili kafin a miƙa shi, a rubuta tarar sare kowanne ba tare da izini ba, kuma kuɗin dashe ya zama na bishiyar da ta rayu ta shekara, ba na ramin da aka haƙa ba.

Sai maganar kayan gini, wadda a nan ne na san za a fi yi mini gardama. Masana sun yi ittifaƙi cewa sarrafa siminti na fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, kuma ko wanda bai damu da wannan ba ya tuna watan Fabrairun 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, ayyuka suka tsaya cik, 'yan kwangila suka yi ta neman a sake duba farashi. Duk da haka takardunmu sun saba rubuta bulon siminti da yashi kai tsaye, kamar dai babu wani abin da ake tayar da bango da shi. Alhali Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa tun 1978, ta daɗe da ƙera injinan matse bulon jar ƙasa da ake haɗawa da siminti kaɗan, ta kuma yi gwajin sarrafa garin da ke rage yawan siminti a Ota da Bokkos. Gwamnati ce ke biyan kuɗin wannan bincike, gwamnati ce kuma ke rubuta takardar da ta hana amfani da shi.

Wanda ke shakkar cewa ƙasa na iya ba da gidan zamani ya leƙa maƙwabta. A Yamai akwai rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, wanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana aka kammala a 2016, benaye ne na matsattsen bulon ƙasa da aka yi domin masu matsakaicin ƙarfi. A garin Dandaji na jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo suka mayar da tsohon ɗakin karatu, tare da maginan garin. A Burkina Faso makarantar da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, da bangon ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama domin iska, tana cikin ayyukan da suka kai shi ga lashe Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. A gida kuwa, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya ya doshi shekara ɗari biyu, kuma duk wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san bambancin da bango mai kauri ke yi.

Ba ina kira a koma tubali da azara da makuba yadda suke a da ba. Giginyar da ake faskarawa a yi azara ta yi ƙaranci, kuma idan aka ce gidaje dubbai za su yi amfani da ita, za a ƙarar da sauran a shekara guda. Ginin ƙasa da ba a yi wa harsashi mai kyau ba damina na cinye shi daga ƙasa, gara kuma ta shiga, ga shi jama'a da yawa na kallonsa a matsayin alamar talauci, bankunan ba da rancen gida ma suna ɗari-ɗari da shi. Jan bulon da ake ƙonawa da itace shi ma ba mafita ba ne a yankin da hamada ke matsowa. Abin da nake nema shi ne takarda ta daina ambaton sunan kaya, ta koma ambaton aikin da ake so kayan ya yi: ƙarfin da bulo zai ɗauka, yawan ruwan da zai tsotsa, yadda zai tare zafi, da iyakar simintin da za a kashe a kan kowane gida. Duk wanda ya kawo abin da ya ci jarrabawar ɗakin gwaji, a bar shi ya shiga takara. Wannan ya kuma yi daidai da umarnin shugaban ƙasa na 2017 da na 2018 a kan fifita kayan gida da ƙwararrun gida, domin babu kayan da ya kai ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar magini zama na gida.

Maganar ruwa kuwa tana farawa ne tun daga zaɓen fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnoni, saboda haka ma'aikatarku kan karɓi abin da jiha ta bayar, kuma ba kasafai jiha ke ba da fili mafi kyau kyauta ba. Wani lokaci fadama ce, wani lokaci tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, wani lokaci daji ne mai nisa da gari wanda kuɗin mota zai cinye abin da mutum ya rage na haya, kamar yadda ya faru da wasu gidajen zamanin Shagari da suka daɗe babu kowa. Bayan ambaliyar 2022 da ta kashe mutane sama da 600, da ɓallewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumbar 2024, da abin da ya sami Mokwa a Mayun 2025, bai kamata a ƙara tallata kwangilar gidaje a filin da ba a duba hasashen ambaliya na hukumar lura da ruwaye ta ƙasa, NIHSA, a kansa ba. A ba da aikin magudanan ruwa da kwalbatoci tare da na gidajen, a kuma kammala su kafin a ɗora rufi, maimakon a bar su zuwa wani kashi na biyu da sau da yawa ba ya zuwa. A rubuta tazarar da za ta kasance tsakanin masai da rijiyar burtsatse. A sa indararo da tanki domin tara ruwan sama. A tambayi ɗan kwangila daga wane kogi tifofinsa ke ɗebo yashi da kuma izinin wa, daga ina katakonsa ya fito, tun da mun ga yadda aka yi wa bishiyar madobiya kisan kiyashi har aka dakatar da fitar da ita daga ƙasar nan, sannan a wajabta masa gyara ramin da ya haƙi ƙasa kafin ya kwashe kayansa.

Akwai wata ɓarna da ba a cika lissafawa ba. Idan aka ba Bahaushe gida babu zaure, babu tsakar gida da matansa za su yi girki da shanya a cikin sutura, babu wurin ɗaure akuya, to kafin shekara biyu zai rushe wani sashe ya sake ginawa, ya toshe tagar da aka yi domin iska saboda tana kallon titi. Duk simintin da ya tafi a wannan rushe-rushe asara ce da zama guda da matan unguwa kafin a kammala zane zai iya hanawa.

Na san za a ce duk wannan zai ƙara kuɗi, kuma kowace naira da aka ƙara gida ne aka hana wani. Hujja ce mai nauyi, ni ma na sha kafa ta a gaban masu zane. Amma lissafin da na yi shekaru ina yi rabin lissafi ne, domin yana tsayawa ranar buɗewa, ragowar kuwa, wato kuɗin wuta da man janareta da maganin yara da gyaran bangon da ruwa ya ci, ana tura shi ne aljihun wanda ya fi kowa rashin ƙarfi, shekara da shekaru. Araha ba ta ado. Idan BPP ta fito da hanya mai sauƙi ta ƙara kiyasin kuɗin zama a gidan a kan farashin gini wajen tantancewa, aka kuma bayyana ta tun a takardar gayyata, za a ga cewa wanda ake ɗauka mai tsada sau da yawa shi ne mai sauƙi.

Tsorona guda shi ne kada a mayar da sharuɗɗan muhalli wata sabuwar takardar shaida da za a jera kusa da ta haraji da ta fansho, wadda manyan kamfanonin Abuja da Legas za su samu cikin kwana biyu, ƙaramin ɗan kwangila na Daura ko Potiskum kuwa ya rasa. Tsare-tsaren tantance gini irin su EDGE, wanda ke neman ragin kashi 20 cikin 100 na wuta da ruwa da makamashin da kayan gini suka ci, suna da amfani a manyan rukunoni. Ga gidaje 100 a ƙaramar hukuma kuwa, abin da ake buƙata shi ne sharuɗɗa kaɗan da za a iya aunawa da tef da ma'aunin zafi da ido, a fassara su da Hausa da sauran harsuna, a raba aikin ƙanana, a horar da birkiloli da kafintocin yankin kafin a fara.

Sannan a ɗaure sharuɗɗan da kuɗi. Tun gyaran da dokar kuɗi ta 2020 ta yi, ɗan kwangilar gida na iya karɓar kafin alƙalami har kashi 30 cikin 100, abin da ake riƙewa a ƙarshe kuwa bisa al'ada kashi 5 ne, na wata shida. Gidan da aka miƙa a Oktoba zai iya cinye mafi yawan wannan wa'adi a cikin sanyin hunturu, a saki kuɗin bai ga ruwan sama ko sau ɗaya ba. Ina ba da shawarar kada a saki ragowar kuɗin gidan talakawa sai ya ratsa bazara guda da damina guda da mutane a ciki, kuma wakilan mazauna su sa hannu tare da injiniyan gwamnati.

Roƙona na ƙarshe, ranku ya daɗe, shi ne kafin a ci gaba da tallata kwangilolin gidajen nan 77,400, ku kafa ƙaramin kwamitin haɗin gwiwa da zai haɗa jami'anku da NBRRI da ƙungiyoyin masu zanen gine-gine da injiniyoyi da masu ƙididdiga, ya fitar da daftarin sharuɗɗan a shafin intanet na BPP domin jama'a su yi gyara. A lokaci guda a gina gidaje biyu kusa da juna a Sakkwato, biyu a Maiduguri, ɗaya da zanen da ake da shi yanzu, ɗaya da sababbin sharuɗɗan, a rataye ma'aunin zafi a ɗakin kwanan kowanne daga Maris zuwa Satumba, a rubuta abin da kowanne ya ci na kuɗi da siminti, a buga sakamakon kowa ya gani. Idan kun buƙaci wanda zai riƙa zuwa yana karanta ma'aunin, ina da lokaci yanzu, kuma ba zan nemi alawus ba.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon jami'in ƙididdigar kuɗin gine-gine, daga Kano